Fuska Mai Dariya Bayan La'asar

Yamai, bayan girbin gero

Zuwa ga Goggona Tsahara, a Tajaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun isa gida lafiya. Ya gajiyar hanya, ya ƙarfin jiki? Ina gaida surukarki Nasiba da yara. Ni lafiyata lau, sai dai ɗakina ya yi mini faɗi tun da kika tafi. Wata guda kina kan katifata kina yi mini faɗa a kan gishirin miya, yanzu ina zuba son raina kuma abincin ba ya daɗi. Kakana da babanki wa da ƙane ne, amma sai da ɗan kabu-kabu mai babur ya kayar da ke a kasuwar Konni sannan na san ki sosai. Ban ce na gode masa ba, Allah ya kiyaye gaba.

Na ba Sharifu takardar nan tun da motar simintinsa kullum tana hanyar Malbaza, kuma ɗanki ba zai yar da saƙon uwarsa ba. Na san in na aiko da murya ta salula, gida duka za a taru a saurara.

Ga maganar da nake so Nasiba ta karanta miki a hankali. Lokotoro, likitan da ya yi miki aiki, ya ce ƙashin wuyan hannunki na dama ya kama, ƙarfen da ya sa ya zauna daidai. Abin da yake tsoro jijiya ce da ta bi kusa da ƙarfen, ita ke kai ji ga babban yatsa da biyun da ke bin sa. Ɗan tsikari ba komai ba ne. Amma in ya zama wuta tana ƙaruwa, ko yatsun suka fara mutuwa, dole ki dawo da wuri a sassauta mata hanya, don jijiya ba ta jiran mutum.

Tun da ni ke rubuta masa randebu, wato ranakun ganin marasa lafiya, a buro, ofishinsa, na roƙe shi ya sa ki cikin waɗanda ake bi ta salula, kada ki riƙa shan doguwar hanya a banza. Manhajar da na sa miki za ta yi ƙara kullum bayan la'asar, ta nuna miki fuskoki biyar, daga koriya mai dariya har ja mai kuka. Ki danna wadda ta yi daidai da hannunki. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya kama, amsar za ta iso mana, ni da lokotoro mu gani. Ko karatu ba ta buƙata, Goggo, ba ki da hujja.

'Yarki,
Naja'atu

*

Tajaye, ranar kasuwa

Ɗiyata Naja'atu,

Wa alaikis salam. Nasiba ke riƙe da biro, ni ke faɗi, in kin ga kuskure nata ne. Mun iso lahiya. Sharifu ya kawo takarda da sabulun da kinka aiko, Allah shi yi miki albarka, shi nuna mana bikinki bayan salla muna da rai. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi.

Tun ranar da na sauka ɗakina bai rabu da mutane ba. Kin san garinmu, ba a zuwa dubiya da safe, mata na wajen daka da ɗiban ruwa. Sai an yi la'asar kowa ta yafa mayafi ta taho. To daidai lokacin ne abin naki ke kuka. Ranar farko ɗaki cike, har da dangin mijin ƙanwata daga Illela, sai ga shi yana ƙara ƙarƙashin matashi. Nana maƙwabciyata ta zabura ta ce, "Mi shika so?"

Na ce, "Tambayata shika yi, ya jiki."

Ta ce, "To amsa mashi mana, ai ba a ƙyale mai gaisuwa."

Duk sunka sunkuyo da kai bisa salula. Na danna mai dariyar nan da hannun hagu, ɗaki ya ɗauka da madalla. Yanzu abin ya zama wasan gari. Akwai masu zuwa ba don ni ba, don su ga na'urar da ke dubiyar mara lahiya. Nana ta ce ta fi wasu dangi zumunci, ba ta taɓa fashin rana ba.

Hannu yana nan. Wani lokaci kamar kiyashi ke yawo cikin yatsu, ba na son ko gefen zane shi taɓa su, amma wanda anka yanka anka sa ma ƙarfe ai ba ya rasa jin wani abu. Ki gaida lokotoro, ki ce mashi na gode. Ki rage gishiri.

Goggonki,
Tsahara

*

Yamai

Goggona ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya Nasiba, ya yara, ya Nana da na'urar zumunci? Na yi dariya har maƙwabta suka leƙo.

Goggo, kin fitar da ni kunya. In na buɗe shafinki a ordinatar buro, kwamfutarmu ta aiki, kore ne jere kamar gonar wake da damina. Lokotoro ya ce da wuya ya ga mace mai shekarunki ta murmure haka. Ni kuwa sai da na kira abokan aikina ɗaya bayan ɗaya na nuna musu, na ce ku zo ku ga matan Tajaye, ba irinku ba da ciwon kai ke kwantarwa. Maganar kiyashi kada ta dame ki, ai tun farko an ce za a ji ɗan tsikari. Ban ma tsaya damun lokotoro da ita ba.

Na lura kin tsallake wasu ranaku ba ki danna komai ba. Na ce lalle Goggo ta warke, har ta fara mantawa da salula. Mai ciwo ba ya manta maganar ciwonsa.

Ga albishir. Randebun da aka ajiye miki na ƙarshen watan nan, na yi wa lokotoro magana, ya duba shafinki, ya ce babu dalilin wahalar da ke. Ni da hannuna na goge sunanki na sa wani tsoho daga Gaya. Kin huta da zaman kar, babbar motar haya, da girgizar hanya.

Saura alkawarina. Kin ce ba za a kai ni ɗakin miji da faifan kasuwa ba, ke za ki ɗinka mini, irin masu ja da baƙi da kika yi suna da su. Lokotoro ya ce motsa yatsu yana da kyau. To ga dalili ya samu, a jiƙa kaba a ɗauko basilla. Na riga na cika wa dangin angon baki, kada ki sa su ce ƙarya nake.

'Yarki mai jiran faifai,
Naja'atu

*

Tajaye

Ɗiyata Naja'atu,

Muna lahiya, muna gaishe ki. Na ji saƙo. Tun da kin riga kin goge, shi ke nan, Allah shi ba tsohon Gaya lahiya.

An rina kaba, na fara faifai guda. Yana tahiya a hankali. Jiki da sauƙi.

Goggonki

*

Yamai, cikin azumi

Goggo,

Barka da shan ruwa. Ina fatan kowa lafiya.

Sharifu ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa babu takarda. Wadda kika aiko kafin nan ma ko rabin shafi ba ta kai ba, ke da in kika fara magana sai biro ya ƙare. Na tambaye shi, ya ce shi yana kan hanya kullum, in ya shigo gida ya gaishe ki kina cewa da sauƙi. Fushi kike da ni? In don na hana ki zuwa Yamai ne, ki faɗa, na san kin so ki ga lefen da idonki. Ko faifan ne suka cinye ki?

Abin da ya kwantar mini da hankali salula ce. Kwanakin nan ba ki tsallake ko rana guda ba, kuma duk mai dariya ce. Ko ba ki rubuto ba ina ganinki kowace yamma, shi ya sa ban matsa da kira ba. Amma a aiko mini ko layi biyu, kewarki nake.

Naja'atu

*

Tajaye

Naja'atu ɗiyata,

Muna gaishe ki, ya ibada. Yau na ce ma Nasiba ta sakaya ƙofa, ta rubuta abin da zan faɗi, kada ta ɗaga kai ta dube ni har in gama.

Ba fushi nike da ke ba. Kunyarki nike ji. Na yi miki ƙarya tun daga ranar farko.

Abin da na kira kiyashi, wuta ce. Kamar an damƙa mini garwashi an ce kada in saki. Iska in ta bi ta kan yatsun sai in ciji leɓe. Ranakun da kinka ga ban danna ba, ba mantuwa ba ce, ranakun ne abin ya fi ƙarfina, sai in tura salula ƙarƙashin tabarma in ce ma baƙi ba ta da caji.

Za ki ce don mi. Ɗiyata, ke ma 'yar garin nan ce ko da ba ki girma cikinsa ba. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an ce ma mutum ya jiki ya ce da tsanani ba. Wanda ke kan gargara ma da sauƙi yake cewa. Ga Nana zaune gabana, wadda ta binne ɗanta bara ba ta ɗaga murya ba. Ga surukai. Ni da Allah ya tashe ni daga teburin yanka da raina, in danna fuska mai hawaye gabansu? Sai a ce Tsahara ta raina ni'imar Allah. Na sha cewa bari in sun watse in gyara amsa, to abin sau ɗaya yake tambaya. Kuma ko da ya sake, na san idonki zai faɗa a kai, ke da ke shirin aure, ke da kinka bar mini katifarki kinka kwana ƙasa. Da takardarki ta zo kina murna kin nuna ni ga abokan aiki, sai bakina ya ƙara nauyi. Ranar da anka karanta mini kin goge randebu, na shiga bayan ɗaki na yi kuka, na wanke fuska na fito na ce a rubuta miki shi ke nan.

Ana nan, kafin azumi da 'yan kwanaki, wutar ta mutu. Na tashi da safe babu ciwo ko kaɗan. Na yi sujada, na ce Allah ya rufa mini asiri, ƙaryata ta zama gaskiya. Duk koren da kinka gani na kwanakin nan ba ƙarya a ciki. Sai dai basilla ta riƙa zamewa daga hannuna, ban ji fitarta ba sai na gan ta ƙasa. Na ce rashin sabo ne.

Shekaranjiya ana kunun buɗa baki, na sa hannu na sauke tukunya daga murhu. Ina riƙe da ita ina ba yara labari, sai Nasiba ta ƙwalla ihu ta ture ni. Fatar yatsu uku ta manne ga bakin tukunya. Ƙauri na ji da hanci, hannun bai gaya mini komai ba. Sai a lokacin maganar takardarki ta farko ta dawo mini, wadda kinka ce yatsu na iya mutuwa.

Na ɓata miki suna wurin aikinki, na sa kin yi alfahari da ƙarya. Ki gafarce ni. Ki faɗa ma lokotoro laifina ne, kada shi ga naki.

Goggonki,
Tsahara

Anti Naja, ni ce Nasiba. Inna ba ta san na ƙara wannan ba. Ina ganin yadda take rungume hannun in baƙi sun fita, kuma ni na rubuta miki da sauƙi da hannuna. Ban iya ƙaryata uwar mijina ba. An wanke ƙunar a likitar gari, ɗan asibitinmu, an ɗaure. Ki ce mana abin da za mu yi.

*

Yamai

Goggo,

Na kira Sharifu tun kafin in rubuta wannan, na san saƙon baki ya riga takarda isowa. Ina maimaitawa ne kawai: ku kamo kar ta farko daga Malbaza, ke da Nasiba. An mayar da sunanki. Kada ki tsaya sallamar kowa.

A tsaye na karanta takardarki bakin buro. Na shiga na karanta wa lokotoro inda ya shafe shi. Ba zan ɓoye miki ba, mun gaji da ɓoye-ɓoye. Ya ce da kin zo lokacin da wutar ke ci, aiki ne ƙarami. Yanzu zai buɗe ya sassauta jijiyar, amma ba ya alkawarin yatsun za su dawo duka. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Tambaya ɗaya ya yi, wa ya zaɓi bayan la'asar.

Ni na zaɓa, Goggo. Lokacin ne layi ke raguwa a buro, in samu sukunin buɗe shafinki in ji daɗi. Kuma na san lokacin dubiya ne. Sau nawa babana ya kai ni Tajaye hutun lakwal, in an rufe makaranta, na bi mata gida-gida bayan la'asar? Ni kaina ranar da masassara ta kama ni a wurin aiki, lokotoron nan ya ce ya jiki, da sauƙi na ce masa ina rawar sanyi. Na san amsar da bakinmu ya saba, na ɗauki tambayar na sa a na'ura, na zaci za ta fito da wata amsa dabam.

Kin ma faɗa mini. Kin ce ba kya son gefen zane ya taɓa yatsunki. Mace irinki ba ta faɗin fiye da haka. Na karanta, na dubi koren, na zaɓi koren don shi ya fi mini daɗi. Sannan na ɗora miki basilla a hannun da ke cin wuta, don in yi wa dangin miji burga. Duk lokacin da na tuna kina zaune kina tura ta cikin kaba saboda ni, sai in rasa inda zan sa kaina.

Kada ki sake neman gafarata, ba zan iya ɗauka ba. Ki manta da faifai. A kai ni da na kasuwa, a kai ni ba ko ɗaya, hannunki nake so. Katifarki na nan na shimfiɗa.

'Yarki,
Naja'atu

*

Tajaye, bayan salla

Ɗiyata Naja'atu, amaryar gobe,

Mun iso lahiya, Nasiba na gaishe ki, ta ce gishirinki har yanzu bai ragu ba. Ɗinkin aiki na biyu ya bushe, ƙunar ma ta yi sabuwar fata.

Kwanakin da na yi wurinki ba ki bari mun haɗa ido ba, kullum kina wajen wanki ko dahuwa, in kin shigo idonki ja. Shi ya sa zan faɗa miki a takarda. Laifin nan tare munka yi shi, ni da ke da Nasiba da duk wanda ya ce madalla cikin ɗakin nan. Kada ki kwashe shi ke ɗaya ki kai ɗakin miji, ba ya cikin kayan aure.

Salula yanzu da hantsi take kuka kamar yadda kinka gyara, ni kaɗai cikin ɗaki. To ga labari. Ranar Talata ina alwala, ruwa ya zuba kan yatsan tsakiya, na ji kamar an soka mini ƙaya. Washegari manuni ya bi sahu. Kin tuna lokotoro ya ce in ciwo ya dawo kada in tsorata, jijiya ce ke farkawa. Na ɗauko salula na danna ja mai kukan nan, na danna da ƙarfi har Nasiba ta ce zan fasa gilashi.

Da la'asar mata sunka cika ɗaki kamar kullum. Nana ta ce, "Tsahara, ya jiki?"

Na ce, "Shina ciwo, Nana. Ciwo ƙwarai."

Nana ta dafe ƙirji. Ta ce, "Subhanallahi, ce da sauƙi mana, baiwar Allah."

Na ce, "Da sauƙin nan shi yac ci mini hannu. Yau ciwo nika ji, kuma alhamdu lillahi."

Har yanzu ana zancen a bakin rijiya, wasu na cewa Yamai ta lalata ni. Bakina ya yi nauyi kafin in faɗa, ba zan ce miki bai yi ba.

Sharifu zai kawo miki faifai guda. Kin ce in manta, ban manta ba. Tsakiyarsa ɗinkina ne, wanda na yi kwanakin wuta. Daga inda ja ya ƙare Nasiba ta karɓa, ina zaune ina yi mata faɗa. Za ki ga inda hannu ya sake, kada ki ɓoye wurin in dangin ango sun zo kallo. Ban sani ba ko zan ƙara ɗinka wani, don basilla ba ta riƙuwa sai da babban yatsa.

Shi kuwa babban yatsan lahiyarsa lau. Na tsikare shi da tsinke, na sa shi ruwan sanyi, ko gezau, ba ya ciwo ko kaɗan. In kin yi salla, ɗiyata, ki roƙa mashi Allah shi yi ciwo.

Goggonki,
Tsahara